Mai Koyon Kasuwar Canjin Kuɗaɗen Waje Ya Fara Da Lissafin Asara

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina game da wata harka da ta mamaye wayoyin matasa a 'yan shekarun nan, wato saye da sayar da kuɗaɗen ƙasashen waje ta intanet, wadda masu yin ta suke kira foreks. Ni ba masanin tattalin arziki ba ne, kuma ba ni da wani kwas da nake sayarwa ko wani dillali da nake yi wa talla. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na shafe kusan shekara uku ina koyon wannan harka, na ji a jikina, sannan daga baya na gane cewa a baibai aka koya mini ita, kamar yadda ake koya wa mafi yawan sababbin shiga.

Darasin farko da ake ba sabon shiga shi ne yadda zai sauke manhaja a wayarsa, ya buɗe asusu, ya gane koren kyandir da ja, wato alamomin hawa da sauka, a kan zanen farashi, ya kuma ja layuka a inda ake cewa farashi yakan tsaya ko ya juya. Duk wannan ilimi ne, ba na raina shi, amma bai kamata ya zo a farko ba. Abin da ya kamata mutum ya fara sani, tun kafin ya san inda maɓallin saye yake, shi ne nawa zai rasa idan hasashensa bai yi daidai ba, da kuma sau nawa zai iya yin kuskure a jere kafin jarinsa ya ƙare. Wannan lissafi bai fi ƙarfin ɗan firamare ba, sai dai masu tallar harkar ba sa son tsayawa a kansa, domin yana sanyaya gwiwar wanda ya riga ya ɗaura ɗamarar zuba kuɗi.

A wannan kasuwa ba a cinikin kuɗi ɗaya shi kaɗai, kullum biyu ake haɗawa. Idan aka ce yuro da dala suna kan 1.1000, ana nufin yuro ɗaya yana daidai da dala ɗaya da santi goma, kuma wanda ya danna saye yana hasashen yuro zai ƙara daraja a kan dala ne, wanda ya danna sayarwa kuma yana hasashen akasin haka. Wannan hawa da sauka na kullum bai daɗe sosai a duniya ba. Yarjejeniyar Bretton Woods ta 1944 ta ɗaure kuɗaɗen manyan ƙasashe ga dala, ita kuma dala aka ɗaure ta ga zinare, har zuwa ranar 15 ga Agustan 1971, lokacin da shugaban Amurka Richard Nixon ya dakatar da musayar dala da zinare. Zuwa 1973 an saki manyan kuɗaɗe kasuwa ta riƙa yanka musu farashi.

Masu talla suna yawan ambaton girman kasuwar, kuma a nan ba ƙarya suke yi ba. Binciken da BIS, bankin manyan bankunan ƙasashe da ke birnin Basel na ƙasar Suwizalan yake gudanarwa duk bayan shekara uku ya nuna cewa a watan Afrilun 2022 ana cinikin kimanin dala tiriliyan 7.5 a kowace rana, dalar Amurka tana gefe ɗaya na kashi 88 cikin 100 na cinikin, kuma sama da kashi ɗaya cikin uku a Birtaniya ake yin shi. Kasuwar ba ta rufewa dare da rana har kwana biyar a mako, domin tana tashi daga Sidni zuwa Tokiyo, daga nan ta koma Landan, sannan Niyok. Abin da ba sa faɗa shi ne su wane ne ke juya waɗannan tiriliyoyi: manyan bankuna ne, da kamfanonin zuba jari, da kamfanonin da ke shigo da kaya ko fitar da su, da manyan bankunan ƙasashe. Girman kogi bai zama albishir ga wanda bai iya iyo ba, kuma mai dala ɗari biyu a waya yana gogayya ne da mutanen da suke da ma'aikata da kwamfutoci da bayanan da shi ba zai gani ba sai farashi ya riga ya motsa.

Yanzu ga lissafin da nake magana a kai. Ana auna motsin farashi da abin da ake kira pip, wato lamba ta huɗu bayan ɗigo a yawancin kuɗaɗe. Idan yuro ya tashi daga 1.1000 zuwa 1.1030, ya motsa pip 30 ke nan. Ana auna girman ciniki kuma da lot: cikakken lot yuro 100,000 ne, ƙarami 10,000, ɗan mitsitsi kuma 1,000. A cikakken lot na yuro da dala kowane pip dala 10 ne, a ɗan mitsitsin kuwa santi 10 ne. Tun da yake manyan kuɗaɗe ba kasafai suke motsa kashi ɗaya cikin ɗari a yini ba, mai ƙaramin jari ba zai ga wata riba ta a zo a gani ba idan da kuɗinsa kaɗai zai yi ciniki, shi ya sa dillalai suke ba da abin da ake kira lebarej ko ninkin aro, wato damar juya kuɗin da ya ninka naka sau da yawa, kai kuma ka ajiye ɗan kafin alƙalami a matsayin jingina. Akwai dillalan da suke ba da ninki 500, har da fiye. Ribar tana ninkuwa, haka ita ma asarar, amma dillali ba ya raba asarar da kai: daga cikin kuɗinka ake cire ta duka, kuma da zarar abin da ya rage ya kusa kasa riƙe jinginar, na'ura ce za ta rufe cinikin ba tare da ta nemi izininka ba.

Haka ta faru da ni. Na yi wata biyu a asusun gwaji, inda ake ba mutum kuɗin bogi ya koyi hannu, na mayar da dala 10,000 ta zama kusan 14,000, har na fara ganin kaina a matsayin gwani. Sai na zuba dala 200 ta gaske. Wata ranar Juma'a, 'yan mintoci kafin Amurka ta fitar da rahotonta na wata-wata kan samar da ayyukan yi, wanda galibi yake fita a Juma'ar farko ta wata da ƙarfe takwas da rabi na safe agogon Niyok, na sayi rabin lot na yuro, wato yuro 50,000, saboda zanen ya nuna mini abin da na ɗauka alamar hawa ce. Jinginar da aka riƙe ba ta wuce dala ɗari da 'yan kai ba, kowane pip kuma dala 5 ne. Rahoton yana fita sai na ga lambar da ke ƙasan allon ta koma ja, ta nuna asarar 40, kafin in gyara zama ta kai 90, yatsana yana kan maɓallin rufewa amma zuciyata tana ce mini in ɗan jira zai dawo. Ban samu na yanke shawara ba na'urar ta yanke mini. Pip 30 kacal farashin ya sauka, abin da bai kai sulusin kashi ɗaya cikin ɗari ba, amma ya tafi da kashi uku cikin huɗu na jarina cikin ƙasa da minti biyu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bayan kamar awa ɗaya farashin ya dawo, har ya wuce inda na saya. Hasashena bai yi kuskure ba. Girman cinikin ne ya fi ƙarfin aljihuna. Da ɗan mitsitsin lot na ɗauka, da dala 3 ce kawai ta girgiza, ina zaune ina kallo.

Kada mai karatu ya ɗauka rashin sa'a ce tawa ni kaɗai. Hukumar kula da kasuwannin kuɗi ta Faransa, AMF, ta fitar da sakamakon bincike a 2014 bayan ta bi sawun asusun mutane kusan 15,000 na tsawon shekara huɗu, ta gano cewa kashi 89 cikin 100 asara suka yi, matsakaiciyar asarar kowane mutum kuma ta kai kusan yuro 10,900. A 2018 hukumar ESMA ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin 100 na asusun ƙananan 'yan kasuwa a irin wannan ciniki faɗuwa suke yi, shi ya sa ta taƙaita ninkin aro zuwa 30 a manyan kuɗaɗe, ta kuma tilasta wa dillalai su rubuta a fili yawan abokan cinikinsu da ke asara. A Amurka iyakar ninki 50 ce a manyan kuɗaɗe, a Japan kuma 25. Ya kamata sabon shiga ya tambayi kansa dalilin da ya sa ƙasashen da suka fi kowa sanin wannan kasuwa suka hana 'yan ƙasarsu ninki 500, alhali shi ana miƙa masa shi a matsayin garaɓasa. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Akwai wani ɓangaren lissafin da ba ya shiga kai da wuri, shi ne cewa faɗuwa da tashi ba tsawonsu ɗaya ba. Wanda ya rasa rabin jarinsa yana buƙatar ribar kashi 100 cikin 100 kafin ya koma inda ya fara, wanda ya rasa kashi 75 kamar ni kuwa sai ya ninka abin da ya rage sau huɗu. Saboda haka ne waɗanda suka daɗe a harkar suke cewa kada a saka fiye da kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na jari cikin haɗari a ciniki guda. Wanda yake bin kashi ɗaya, ko ya faɗi sau goma a jere, abin da kan faru ko ga ƙwararru, zai tarar da kusan kashi 90 na kuɗinsa yana nan. Wanda yake saka kashi goma a kowane ciniki kuwa kusan kashi 35 ne zai rage masa. Hanyar yin haka ita ce mutum ya fara tsayar da inda zai amince cewa ya yi kuskure, ya kafa umarnin tsayar da asara a wurin, wanda ni nake kira burki, sannan daga nan ya lissafa girman lot ɗin da ya dace. Sababbin shiga akasin haka suke yi: su zaɓi lot gwargwadon ribar da suke mafarki, in ma sun sa burkin sai su riƙa ja da shi baya duk lokacin da farashi ya tunkaro shi.

Ko shi burkin ba kullum yake kamawa ba, kuma wannan ma gara a sani tun da wuri. Tun watan Satumban 2011 babban bankin Suwizalan ya yi alkawarin ba zai bar yuro ya faɗi ƙasa da 1.20 na faran, wato kuɗin ƙasar, ba, mutane da yawa suka ɗauki wannan alkawari tamkar katanga suka jingina da ita. Ranar 15 ga Janairun 2015 bankin ya janye alkawarin ba zato ba tsammani, faran ya yi tsalle da kusan kashi 30 cikin 100 cikin mintoci, babu mai saye a farashin da mutane suka kafa burkinsu, aka rufe musu ciniki can nesa da inda suka tsara. Wasu sun wayi gari dillalai suna bin su bashi bayan jarinsu ya ƙare, wasu dillalan su ma suka durƙushe. Masu koyarwa sun fi son ba da labarin attajirin mai zuba jari George Soros, wanda ya samu kimanin dala biliyan ɗaya ranar 16 ga Satumban 1992 lokacin da fam ɗin Ingila ya faɗi, amma ba kasafai suke ba da labarin 2015 ba, alhali shi ne ya fi kusa da abin da zai iya samun mai ciniki da waya.

Sai kuma kuɗin da ke zurarewa ba tare da an lura ba. Tsakanin farashin saye da na sayarwa akwai 'yar rata, ita ce la'adar dillali, shi ya sa kowane ciniki yake farawa da ɗan ja tun kafin farashi ya motsa. Ratar pip ɗaya kamar ba komai ba ce, amma a rabin lot dala 5 ce, kuma wanda ya shiga ya fita sau goma a yini ya biya dala 50, wato rubu'in jarin dala 200, ko da bai ci ba bai faɗi ba. Haka nan cinikin da ya kwana a buɗe ana cire masa ko a ƙara masa kuɗin kwana, wanda ake lissafawa daga bambancin kuɗin ruwa tsakanin ƙasashen biyu. A nan ne maganar addini take shigowa ga Musulmi, kuma ba ƙaramar magana ba ce, domin shari'a ta gindaya sharaɗin hannu da hannu a musayar kuɗi, kuma majalisar fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa da ke Makka ta yanke a 2006 cewa ciniki da irin wannan jingina da aro bai halatta ba. Dillalai da dama suna tallar asusun da ba a cire masa kuɗin kwana, sai dai cire shi kaɗai bai amsa dukkan tambayoyin da malamai suka tayar ba. Ni ba mai fatawa ba ne. Shawarata ita ce mutum ya kai wa malamin da ya fahimci yadda cinikin yake gudana cikakken bayani kafin ya zuba kuɗi, kada ya bari sai ya zuba sannan ya shiga neman wanda zai halatta masa.

Idan mutum ya bi wannan lissafi da gaskiya, zai isa wani wuri mai ɗaci, wanda a ganina shi ne ainihin dalilin da ya sa ake ɓoye shi. Mai dala 200 da ke bin ƙa'idar kashi ɗaya, dala 2 ce zai saka cikin haɗari a kowane ciniki. Ko da ya ƙware har ya samu ribar kashi 20 cikin 100 a shekara, wanda shi ne kusan matsakaicin abin da kamfanin shahararren mai zuba jari Warren Buffett ya riƙa samu tun daga 1965 har duniya ta sallama masa, dala 40 ce zai tashi da ita a ƙarshen shekara. Ƙaramin jari ba ya ciyar da gida a wannan kasuwa, kuma duk wanda ya matsa masa sai ya ciyar, to dole ya ƙara girman ciniki har ya kai inda kuskure ɗaya zai share shi. Da wannan ma'auni ne kuma za a auna masu alkawarin ribar kashi 10 a kowane mako, ko masu cewa a kawo kuɗi su juya a riƙa raba riba duk wata. Dala 1,000 da ke ƙaruwa da kashi 10 kowane mako za ta zama kusan 142,000 a shekara guda, ta kusa biliyan uku a shekara uku. Wanda yake da irin wannan sirri ba ya buƙatar kuɗin rajistar kowa, ba ya kuma buƙatar sayar da sigina, wato saƙon lokacin saye ko sayarwa, a Telegram ko WhatsApp. Da yawa daga cikin masu nuna hotunan motoci da allon riba, abincinsu yana fitowa ne daga kuɗin kwas da kamashon da dillali yake ba su a kan duk wanda suka kawo, kuma wannan kamasho yakan ƙaru ne da yawan cinikin da ɗalibi ya yi, ko ya ci ko ya faɗi.

Ba ina cewa kada kowa ya koya ba ne. Ni kaina ban daina ba, kuma harkar ta koya mini abubuwan da ban taɓa damuwa da su ba, kamar dalilin da ya sa duniya take kasa kunne idan babban bankin Amurka ya zauna taronsa na kuɗin ruwa sau takwas a shekara, da yadda hauhawar farashi take rage wa kuɗi daraja. Amma da zan sake farawa, da na daɗe a asusun gwaji, na kuma sa masa daidai adadin da zan iya zubawa da gaske maimakon dala 10,000 ta mafarki, domin kuɗin bogi ba ya sa gumi a tafin hannu, kuma wanda bai ji wannan gumin ba bai san halinsa ba tukuna. Da na tsaya a kan kuɗi biyu kawai har na san lokutan da suke motsi. Da na buɗe littafi tun ranar farko ina rubuta dalilin shiga kowane ciniki da inda na sa burki da abin da ya biyo baya. Lokacin da na fara yin haka ne na gano cewa mafi munin asarata ba daga rashin iya karanta zane take zuwa ba, daga cinikin ramuwa take zuwa, wanda nake shiga cikin fushi mintoci kaɗan bayan na faɗi. Game da dillali kuwa, a duba lambar lasisinsa a shafin hukumar da ya ce tana kula da shi, kamar FCA ta Birtaniya ko ASIC ta Ostareliya, kada a tsaya ga tambarin da ya liƙa a nasa shafin, sannan a gwada cire ɗan kuɗi tun da wuri a ga ko zai fito. Kuɗin da za a zuba kuma ya zama wanda in ya tafi ba za a rasa barci ba. Kuɗin aro da na amana da na haya ba su da wurin zama a nan.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne idan wani dillali ko mai koyarwa ya kawo talla wannan jarida, a nemi ya bayyana hukumar da ta ba shi lasisi da kuma kason abokan cinikinsa da suke asara, a buga su da manyan baƙaƙe kusa da alkawarin ribar, kamar yadda doka ta tilasta a Turai. Haka kuma zai yi kyau shafinku na kasuwanci ya ware fili ya gayyato masana da malamai su yi wa jama'a bayanin pip da lot da ninkin aro da hukuncinsu cikin harshen da kowa zai fahimta, tare da misalai na lissafi irin waɗanda na kawo a sama.

Na gode da wannan dama da ka ba ni.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku a kullum.